Kwamfutar Baba Likita da Na Hana Magana

A shekarar 1999 ina budurwa mai ji da kanta, na dawo Gumel daga koyon kwamfuta a Kano, ina ganin duk garin ba wanda ya kai ni sani. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Kirista daga Filato, likitan dabbobi, muna ce masa Baba Likita. Yana da ƴar kwamfutar cinya da ya saya hannun wani ɗan kasuwa a Maigatari. Da ita yake aika wa ɗansu tilo imel ta layin tarhon gidansa, don yaron yana karatu a ƙasar waje, ba shi da waya. Matarsa, wadda muke kira Mama, ta daɗe tana jinya, kuma saƙon ɗan nan ne abincinta.

Kwamfutar daga Damagaram ta fito, komai na cikinta da Faransanci. Na dami Baba da cewa ya bari in sa masa sabon tsari na Turanci. Ya ce shi dai tana yi masa aiki a haka, amma tunda ni da ya ɗauka kamar ƴarsa ce na faɗa, in yi. Na share tsohon kakaf na ɗora sabon. Ta taso tsaf gwanin sha'awa. Sai da na danna kiran layi na ji shiru, babu ƙarar nan mai kama da kukan gyare da modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ke yi. Sabon tsarin bai san modem ɗin ba, yana neman ƴar manhajar da masu gyara ke kira direba. Sai na tuna filofi, wato ɗan faifan da ya zo da kwamfutar wanda direban ke ciki, tuni na goge shi na zuba aikina, a zatona tarkace ne. Lambar babbar kwamfutar Kano da ake kira, da kalmar sirri, har da adireshin yaron, duk sun tafi. Baba bai haddace ko ɗaya ba.

A makon nan jikin Mama ya rikice. Kullum na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni ko na gaya wa ɗanta ya zo, ni kuma in ce ana kan gyara. Wallahi ban taɓa shiga tashin hankali irin wannan ba. Na hau motar haya zuwa Maigatari ranar kasuwa, na ratsa shanu da raƙuma na samo ɗan kasuwar, ya ce shi sayarwa ce tasa, bai san wani direba ba sai na mota. Aka ce akwai mai irin kwamfutar a Gagarawa, na je na tarar ba ƙirarsu ɗaya ba. Na kasa ci, na rame, ina ta sa filofin da na goge ina cirewa kamar zai tausaya mini. Baba bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Daga ƙarshe muka tafi Kano tare. Wani mai gyara ya samo direban, kamfanin layin kuma ya ba mu sabuwar kalmar sirri da saitin. Muna dawowa na haɗa, ƙarar ta tashi. Saƙon yaron ya shigo, tsoho, yana cewa an ba su hutu, akwai abokin tafiya, in jikin Mama da matsala a faɗa masa ya taho, in ya ji shiru zai san lafiya ce. Hutun ya riga ya ƙare. Mun aika masa, amma kafin ya samu izinin tafiya an binne Mama.

Na san ajali ba a hannuna yake ba, amma shirun nan ni na jawo shi. Ƴan uwa masu taɓa kwamfutar mutane, kada ku share komai sai kun adana direbobi da saiti, kun kuma tambayi mai ita me yake yi da ita. Ni na duba allo na ga Faransanci, ban ga uwar da ke kwance tana jiran ɗanta ba.