Ɗakin Tsarabar Babanmu

Shekarun baya, ina 'yar shekara goma sha tara, muna zaune a unguwar Bromakoté ta birnin Abidjan cikin irin gidajen hayar nan masu tsakar gida ɗaya, mu da Julawa da Mosawa da wata tsohuwa mai sayar da acheke, wato dambun rogo. Ɗaki uku mahaifina yake haya. Ɗaya nasa shi da mahaifiyata, ɗaya namu mu yara biyar, muna kwana kamar kifin gwangwani. Na ukun kuwa, wanda ya fi kowanne faɗi da samun iska, ba mai kwana a cikinsa. Ɗakin tsaraba ne.

Bari in yi muku bayani, don na san yaran yanzu sai su ɗauka zolaya nake. Mahaifina ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina tun yana saurayi. Iyayensu sun rasu da wuri, yayarsa ce ta raine shi, ita ce ma ta sayar da akuyarta ta yi masa guzuri. Ya ce mata shekara biyu zai yi ya dawo. A lokacin da nake ba ku labari ya shekara talatin da ɗaya a Abidjan bai sake taka garin ba. Kuma ba rashin abin hawa mota ba ne, yana da shagonsa na shadda da takalma a kasuwar Adjamé, muna ci muna sha. Abin da ya riƙe shi tsaraba ce. A wurinsa, wanda ya daɗe haka a waje ba ya shiga gari ya ba wani ya tsallake wani. Sai kowa ya samu, tun daga mai unguwa har jaririn da ke goye.

Don haka duk abin da ya gani mai kyau sai ya saya ya kai ɗakin nan. Turamen atamfa, barguna, agogon bango, fitilu, rediyo, kwanonin silba, darduma. A tsakiya akwai keken ɗinki sabo fil cikin kwalinsa, na Gwaggo ne, wato yayar tasa. Kowane kaya da 'yar takarda manne a jikinsa, ya rubuta sunan mai shi da ajami. Idan labari ya zo wani ya rasu, sai ya shiga ya soke sunan ya rubuta na ɗansa. Idan an yi haihuwa, sai ya ƙaro kaya. Mutanen ƙauye kuwa ba su fasa haihuwa don Baba yana shirin zuwa ba. Kullum saura kaɗan, kullum sai bayan sallah.

Mu yara ambasad muke kiran ɗakin, wato ofishin jakadanci, don ba a shiga sai da biza. Da aka taɓa yin sata a unguwar, sai ya cire ƙofar katako ya sa ta ƙarfe, ya rataya kwaɗo biyu, makullan kuma ba sa barin aljihunsa ko banɗaki zai shiga. Mahaifiyata ta yi mita har ta gaji. Ita haifaffiyar unguwar Treichville ce a nan Abidjan, ba ta taɓa ganin ƙauyen ba, abin da take gani kawai 'ya'yanta na cushe a ɗaki ɗaya alhali barguna na shan iska.

Ranar wata Juma'a ce, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, maza duk sun tafi masallaci. Ina tsakar gida ina yi wa ƙanwata kitso sai na ji warin roba. Na ɗauka wani ne ke ƙona shara. Sai tsohuwar nan mai acheke ta ƙwala ihu tana nuna ɗakin ƙarshe, wanda mai shi ya yi tafiya. Har yau ba a tabbatar da abin da ya tada wutar ba, wasu sun ce wayar lantarki ce. Abin da na sani, silin ɗin gidan gaba ɗaya katako ne a haɗe, wutar ta bi ta sama tana faɗowa ɗaki bayan ɗaki kafin mu gama cika bokiti biyu.

Mahaifiyata ta tura mu waje, ta ƙirga mu, ta sake ƙirgawa. Da ta ga mun cika sai ta juya ta koma ciki da taɓarya a hannu. Ba ɗakinta ta nufa ba, inda zannuwanta da takardun haihuwarmu suke. Ɗakin tsaraba ta nufa, ɗakin da ta shekara da shekaru tana tsine wa. Ta dinga dukan kwaɗon nan, da taɓarya ta suɓuce ta kama ƙofar da hannu tana jijjigawa, ƙarfen kuwa ya riga ya yi zafi. Sai da mata uku suka ja ta da ƙarfi. Tafukan hannunta duk sun saluɓe.

Ni kuma jarumar gida, da hankalina ya dawo na duba abin da na ceto, murfin tukunya ne da matsefi. Na rungume su a ƙirji kamar zinariya. Har gobe ƙannena ba su daina tsokanata da wannan murfin ba.

'Yan kwana-kwana sun zo, amma lungunmu ko amalanke da ƙyar yake wucewa saboda teburan masu talla, motar ta tsaya can bakin titi. Kafin ruwa ya iso, abin da zai ƙone ya ƙone. Allah ya tsare, ba a rasa rai ko ɗaya ba a gidan.

Mahaifina ya iso da dardumarsa a kafaɗa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana dafa kanmu, ya duba hannun mahaifiyata, ya yi hamdala. Sannan ya taka cikin toka da ruwa ya je ɗakin. Rufin ya rufta, bangon baya ya faɗi, ana hango gidan maƙwabta ta ciki. Amma ƙofar ƙarfen nan tana tsaye da kwaɗonta biyu. Da ya so, zagayawa kawai zai yi ya shiga. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli, ya zura, ya yi ta murɗawa ya ƙi buɗuwa. Wani dattijo Bajule maƙwabcinmu ne ya je ya riƙe masa hannu ya ce, "Yako, Malam. Sabari. Bar shi haka." Wato sannu, a yi haƙuri.

Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar wannan ba, har yau kuwa.

Muka koma Treichville gidan kawuna, ƙanin mahaifiyata, mu bakwai a ɗaki ɗaya. Jama'ar masallaci suka tara mana tufafi da tabarmi da tukwane. Allah ya saka musu, amma ganin mahaifina cikin rigar wani, wadda ko ƙwauri ba ta rufe masa ba, shi da ya tara wa gari guda sutura, abin ba ya faɗuwa. Wata biyu ni nake ba mahaifiyata abinci a baki. Da hannun ya warke ta kafa kaskon ƙosai a bakin layi, ni na shiga koyon ɗinki, ƙanina ya riƙa zama a shago. Zirga-zirgar sake takardu kaɗai ta isa ta tsufar da mutum. A hankali dai muka miƙe, bayan shekara da 'yan watanni muka samu gida a unguwar Williamsville. Mutane suna ta cewa ai mun farfaɗo, in da rai da rabo.

Mu mun farfaɗo. Shi ne bai farfaɗo ba. Zai je shago ya zauna, mai saye ya zo ya taya ya tafi bai ɗaga kai ba. Mutumin da a da in ya fara labarin ƙauyensu sai mun gudu, ya daina ambaton garin ko da wasa. Kuma ya kafa mana doka, kada wanda ya kuskura ya sanar da gida an yi gobara.

To ga Gwaggo. Ita duk Juma'a da yamma takan sa a kira mata shi da wayar wani maƙwabcinta. A da yakan karɓa da fara'a ya ce mata saura kaɗan. Bayan gobarar, da wayar ta yi ƙara sai ya miƙo mini, ya yi mini alama da hannu in ce ba ya nan. Ni kuwa a lokacin Hausata gurguwa ce, rabi Faransanci, Gwaggo ta yi ta dariya tana gyara mini. Sai in ce ya tafi masallaci, ko ya je tashar jirgin ruwa karɓar kaya, ko yana barci. Ta ce to, in gaida mata yaron nan, in ce masa tana nan. Yaron nan, mutum mai furfura. Sannan ba ta kashewa, sai ta yi ta ja na da hira, labarin damina da na awaki da wanda ya yi aure. Shi kuma yana zaune dab da ni, kansa a sunkuye, yana jin komai. Shekara biyar ina wannan ƙaryar duk mako.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. A shekara ta uku ni da ƙanina muka yanko masa tikitin mota, na kai masa bayan la'asar na durƙusa.

Na ce, "Baba, Gwaggo ta tsufa. Ku je ku gan ta. Zuwa da kai ai ya fi aike."

Ya kalli takardar bai taɓa ta ba. Sannan ya ce, "Da me zan shiga garin? Shekara talatin da huɗu, in sauka da buta da sanda? Ta sayar da akuyarta don in je in dawo haka?"

Na ce ai ita ba kaya take so ba. Ya ce ni yarinya ce, a nan aka haife ni, ban san gida ba. Ya ce in ba shi shekara biyu ya sake haɗawa. Da na ji ya ce shekara biyu sai na tashi na fita. Ya kuwa fara, turmi ɗaya yau, bargo ɗaya wata mai zuwa, yana turawa ƙarƙashin gado. Amma ƙarfin ya ƙare, kasuwar ma ba kamar da ba. Hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. A shekara ta biyar bayan gobarar Allah ya karɓi abinsa. A maƙabartar Williamsville muka binne shi. Ni na kira Gwaggo na faɗa mata, wannan ce gaskiya ta farko da ta ji daga bakina.

Bayan shekara guda na shirya ni da ƙanina muka tafi, kwana uku a mota. Ƙauyen ɗan ƙarami ne, bai kai rabin yadda Baba yake ba mu labari ba. Muka tarar da Gwaggo a zaune bakin ɗakinta, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, idanun sun tafi. Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa ta ce hancin nasa ne. Na kasa riƙewa, na zayyana mata komai, ɗakin da sunayen da gobarar da dokar da ya kafa mana. Na gaya mata har keken ɗinki ya saya mata.

Ta yi 'yar dariya ta ce, "Keke? Ni da na fi shekara goma ban ga kafar allura ba?"

Sai na roƙe ta gafara. Na ce duk ranar da na ce mata ya fita, ƙarya nake, yana nan kusa da ni.

Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ni na goya shi. Ina jin gyaran muryarsa a bayanki. Kin ɗauka don labarin awaki nake riƙe ki a waya? Ina jira ne ya sake yi in ji."

Ban san lokacin da na kifa kaina a cinyarta ba. Ita ce ma ta dinga lallashina. Ba ta cika shekara ba bayan zuwanmu ita ma ta bi shi.

Mutane kan tambaye ni yadda muka ji da muka rasa komai a rana ɗaya. Gaskiya kayan ba sa zuwa mini a rai. Atamfa ce da bargo, an yi wasu, an sake yin wasu. Mahaifiyata tana nan da tabon hannunta, tana tare da jikokinta, ƙannena duk sun zama mutane. Na daɗe ina ɗora wa wutar laifi, daga baya na gane tun kafin ta tashi ɗakin nan ya riga ya tsare masa hanya, ita ta zo ta ƙarasa ne kawai. Ban ce ya yi wauta ba, don na san kunya ce da ƙauna suka haɗu suka ɗaure shi, kuma na san dattawa da yawa a Adjamé da suke da irin ɗakinsa, wasu a gida, wasu a zuci.

Abin da ya ƙi barina shi ne nawa laifin. Ana cewa bin na gaba bin Allah, na bi, na yi biyayya. Amma wayar tana hannuna. Tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba. Da sau ɗaya na saɓa masa, na manna masa ita a kunne na ce ga shi nan Gwaggo, iyakarta ya yi fushi da ni kwana biyu. Na samu Juma'ar shekara biyar cur, ban yi ba.