Ungozomar da Aka Ce Ba Ta Iya Karatu Ba

Tahiratu Alhassan tana hawa na huɗu a gininmu na unguwar Highbridge a nan Amurka, ni ina hawa na uku, shekara goma sha biyu ke nan muna maƙwabtaka. Sunana Safiatou, ’yar Maradi, ina da ɗan shagon atamfa da turare a Titi na 116. Ita kuma ’yar Aboabo ce, a Zangon Kumasi. Karatuna na Faransanci ne, saboda haka tun ranar da na gano ta ji Turanci, duk takardar da ta zo mini, ta mai gida ko ta asibiti, sai in hau bene in kai mata. Ba ni kaɗai ba. Rabin mutanen gininmu ita ke karanta musu wasiƙa. Takan ɗora tabarau a kan hanci, ta bi layi da yatsa har ƙananan rubutun ƙasa, sannan ta ce maka ga inda za ka sa hannu, ga inda kada ka kuskura.

Mahaifinta mahauci ne, kuma shi da kansa ya kai ta makaranta. Ta gama sakandare, ta shiga makarantar ungozoma, ta yi shekara goma sha huɗu tana karɓar haihuwa a wani asibiti a Kumasi. A 2009 mijinta Moro ya ci cacar bizar Amurka, suka taho da ’yarsu Hamdatu, tana shekara uku. Da Tahiratu ta kai takardunta, aka ce mata a nan ba su da aiki, sai dai ta koma aji daga farko. Ga goyo, ga Moro yana kan hanya da babbar mota, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Sai ta yi kwas na ’yan makonni, ta kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wanka, canza zanen gado, juya wanda bai iya juyawa, tuna masa lokacin magani. Ban taɓa jin ta raina aikin ba.

Wadda ta fi daɗewa a hannunta ita ce Misis Adler, tsohuwa mai shekara tamanin da tara a Riverdale. Shekara biyar suna tare. Tahiratu tana da littafi da take rubuta komai kullum: awon jini, kumburin ƙafa, abin da tsohuwa ta ci da abin da ta ƙi. Likitan tsohuwar yakan karɓi littafin ya duba kafin ya duba ita kanta.

Da Hamdatu ta kai ajin ƙarshe, sai maganar jami’a ta taso. A ƙasar nan maki kaɗai bai isa ba. Sai yaro ya rubuta insha’i a kan kansa, kalma ɗari shida da hamsin, ya zaɓi ɗaya daga cikin wasu tambayoyi. Wata ta ce ka faɗi asalinka, wata ta ce ka faɗi wahalar da ka sha da abin da ta koya maka, wata kuma ta ce ka faɗi abin da ke ɗauke maka hankali har ka manta lokaci. Hamdatu yarinya ce mai shiru, mai son kimiyya, sai ta zaɓi ta ƙarshen. Ta rubuta a kan koko. Tun tana ƙarama take mamakin yadda gasarar uwarta ke tsami da wuri lokacin zafi, ta ƙi tsami lokacin sanyi. Har kwalabe ta jera a taga, ta jiƙa gero a ciki, tana auna tsaminsu kullum da wata ’yar takarda mai canza launi. Na ga kwalaben da idona, na kuma sha warinsu a matakala.

Akwai wata ƙungiya da ke taimaka wa ’ya’yan baƙi da takardun jami’a, kyauta. Can aka haɗa Hamdatu da wata ’yar sa-kai, Mis Dana. Ta karanta labarin koko, ta yaba, sannan ta ce ɗalibai dubu nawa ne za su rubuta a kan gwaje-gwaje, ina wahalar take a ciki? Ta shiga tambayarta: uwarki tana da digirin Amurka? Babu. Wa ke cika fom a gida? Hamdatu ta ce in na kwamfuta ne ita ke yi, don Mma ba ta son kwamfuta.

Daga wannan ’yar magana aka fara gini. Sau bakwai ana gyara rubutun. A na biyu, uwa ba ta son fom. A na huɗu, Turanci yana mata wuya. A na bakwai, ba ta taɓa zama a aji ba, ’yarta ce idonta tun tana shekara shida. Kumasi kuma, birnin da cunkoson motocinsa ke riƙe mutum awa guda, ta koma ƙauyen da babu lantarki. Koko ya rage layi ɗaya: abin da suke sha da safe idan babu wani abinci.

Wata shahararriyar jami’a a arewacin jiharmu ta ɗauki Hamdatu, har da tallafin da ake ba waɗanda iyayensu ba su yi boko ba. Tahiratu ba ta san da wannan sharaɗin ba. Ta dafa wake da shinkafa ta raba wa ginin duka. Da ƙungiyar ta kira su ɗaukar hoto, ta sa farin leshi ta je. Aka ba ta takardar izinin amfani da hoton, ta karanta ta tsaf, a gaban Mis Dana, ta sa hannu. Wannan shi ne abin da har yau yake ƙona mini rai. Matar nan tana tsaye tana kallonta tana karatu, kuma ba ta ce uffan ba.

A watan Mayu ƙungiyar ta yi liyafar masu ba ta gudummawa, ta buga ɗan littafi mai sheƙi da hotunan yaran da insha’insu. Cikin baƙin akwai Karen, ’yar Misis Adler. Ranar Litinin ta zo gidan uwarta, ta kama hannun Tahiratu da hannu biyu, idonta da ƙwalla, ta ce ba ta taɓa sanin irin abin da ta sha ba, lallai jaruma ce. Tahiratu ta ɗauka maganar jami’a ake, ta yi godiya. Can sai Karen ta ɗauki littafin awon jini tana juya shi, ta tambaya wa yake rubuta mata wannan.

Kwana biyu bayan haka kamfanin da ke tura ta aiki ya kira ta ofis. Wani saurayi mai kula da jadawali, wanda ko haifarsa ba a yi ba lokacin da ta fara karɓar haihuwa, ya ajiye kwalbar magani a gabanta, yana ta sunkuyar da kai, ya roƙe ta ta karanta masa abin da ke jiki. Ta karanta. Ta ƙara masa da cewa mai ciwon ƙoda ba a ba shi wannan awon sai likita ya rage. Ya ba ta haƙuri, ya miƙa mata littafin mai sheƙi, ya ce iyalin sun riga sun nemi a canza ta. A cewar Karen, ko Tahiratu ta ɓoye musu gaskiya, ko ’yarta ta yi ƙarya, kuma ko wanne ne hankalinta bai kwanta ba. Ba a bar Tahiratu ko ta je ta yi wa tsohuwar sallama ba.

Bayan la’asar ta buga mini ƙofa. Ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta buɗe shafin, ta karanta mini tana juyawa da Hausa, layi bayan layi. Da ta zo inda aka ce takan riƙe takarda a juye, sai ta dakata, ta cire tabarau ta goge, ta ci gaba har ƙarshe. Ta ce in hau tare da ita, don tana tsoron bakinta.

Hamdatu na ganin littafin ta fashe da kuka. Uwar ta bari sai da ta yi shiru.

“Hamdatu, wa ya koya miki a, ba, ca?”

“Ke ce, Mma.”

“To wannan matar da ke cikin takarda, uwar wa ce?”

Yarinyar ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci, an gaya mata kowa haka yake yi, kuma mutum biyu ko uku ne kawai za su karanta a wani ofis, su manta. Ta ce duk gyara ɗan kaɗan ne, ba ta san ranar da ya zama ƙarya gaba ɗaya ba. Na yarda da ita. Shekararta goma sha bakwai, babba ta zaunar da ita ta ce ga ƙofa, ga mabuɗi. Amma ban ce ba ta da laifi ba, uwarta ma ba ta ce ba.

Washegari Tahiratu ta sauke takardar shaidarta ta ungozoma daga bango, da gilashinta da komai, ta sa a jaka, muka tafi ofishin ƙungiyar. Ta ajiye ta a teburin Mis Dana. Fuskar matar ta yi ja, ta ce ita ba ta rubuta ko kalma ɗaya ba, tambayoyi kawai ta yi, kuma abin da ake nema a irin wannan rubutu shi ne gaskiyar zuciya. Shugaban ƙungiyar ya shigo da murmushi, ya ce za su cire labarin daga intanet, amma littattafan da aka raba sun riga sun tafi. Sannan ya sassauta murya ya tuna mana cewa yarinyar ce ta sa hannu cewa rubutun nata ne kuma gaskiya ne, saboda haka in magana ta yi nisa, ita jami’a za ta kama, ba su ba.

Tahiratu ta dube shi ta ce, “Wato kun sa ’yata ta yanka ni, kun bar mata wuƙar a hannu.”

Ta ɗauki takardarta muka fito.

Ni dai tambayar ce ma ban gane mata ba. A gidanmu an koya mana mutum ya rufe cikinsa, ko bai ci ba ya shafa mai a baki. Su kuma sun zauna a ofis suna cewa yaro ya buɗe asirin gidansu a auna. Ɗan likita yana rubuta yadda yake son kallon taurari, a ce madalla. ’Yar Tahiratu ta kawo kwalaben gero, aka ce mata ina hawaye.

Da Moro ya dawo ya ji, ya ce a bar kaza cikin gashinta, abin da ya faru ya faru, kada a yi biyu babu. Tahiratu ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma umarci ’yarta da komai ba. Abu ɗaya ta faɗa, cewa ita ba za ta taka harabar makarantar nan ba, ko ranar kai kaya ko ranar yaye, don ba ta san da wace fuska za ta gaishe su ba. Mako biyu gidan ba daɗi. Sai Hamdatu da kanta ta rubuta wa jami’ar wasiƙa, ta faɗi abin da yake gaskiya da wanda ba gaskiya ba, ta haɗa da labarin koko. Sai da ta aika sannan ta gaya wa iyayenta.

An yi wata guda shiru. Daga baya suka amsa cewa sun yaba da gaskiyarta, gurbinta yana nan, amma tallafin ba nata ba ne tunda uwarta ta yi karatu. Ba tare da shi ba, makarantar ta fi ƙarfin direba da mai kula da tsofaffi. Hamdatu ta shiga wata kwalejin gwamnati a nan cikin gari, tana zuwa daga gida. Yanzu tana shekara ta biyu, tana karanta kimiyyar haɗa sinadarai, kuma ita da uwarta sun koma hira a kicin, ko da yake akwai maganar da ba sa taɓawa.

Kamfanin ya tura Tahiratu wurin wani tsoho a Stapleton. Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan bas, kusan awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ga gwiwa ta fara ciwo. Misis Adler ta rasu a watan Janairu. Sai bayan mako uku wata abokiyar aiki ta faɗa mata a tasha.

Mis Dana tana nan tana aikin sa-kai, an ce har lambar yabo aka ba ta. Littafin bana ma ya fito, wata mai sayen turare ta kawo mini. A shafi na shida akwai wani yaro da ya rubuta cewa ya taso yana kwana da yunwa. Na san ubansa. Habibou ne, shagonsa yana kallon nawa, shinkafa buhu-buhu har rufi, kuma duk azumi shi ke ciyar da masallacinmu na kwana goma. Na rufe shago da rana tsaka, na tsallaka titi, na tambaye shi ko ya ga abin da ɗansa ya aika wa jami’a. Ya ce a’a, ai harkar makaranta ce, masu ilimi suna taimaka masa. Na miƙa masa littafin, na ce ya kai wa Tahiratu ta karanta masa.