Muryar Baba Sale a Taron Sallah

Ni fa ban nemi wannan aikin ba, cusa ni aka yi. Ranar hutuna ce, na wanke kayana na shanya, na miƙe ƙafa ke nan sai mudir, manajan shagonmu, ya kira ni a waya: "Nafi'u, yalla, 'yan ƙasarku za su yi waƙa, kai ke jin yarensu." Na ce mudir, jin Hausa ai ba laifi ba ne da za a hukunta mutum a kai. Ya kashe waya. To ku sababbin zuwa ku matso ku ji, don tun ƙaramar Sallar bara, in na ɗauki makirfo sai abin ya faɗo mini.

Kun dai san aikin shagon nan namu na unguwar Ulaisha. Mu loda lasifika da wayoyi a mota, mu kai istiraha, gidan da ake haya don biki, mu haɗa, mu zauna bayan miksa, na'urar daidaita sauti. Doka ɗaya ce: wanda ya yi hayar kaya shi ke da magana. In ya ce ƙara, ka ƙara. In ya ce kashe, ko ubanka ne ke waƙar, ka kashe.

Mawaƙan su biyu ne: Baba Sale mai jita, shi ke rerawa, da Kawu Audu mai gurmi. Wai a zamaninsu a Gusau su ne Samarin Layin Dogo, jitar lantarki da gurmi da kalangu a haɗe, har kaset suka yi. Da na ga furfura na ce, "Baba, samarin suna hanya ne, ko ku ne?" Kawu Audu ya harare ni. Mai kalangunsu ya rasu tun ban san kaina ba, daga nan ƙungiya ta watse. Baba Sale ya zo nan ya zama direban gida a unguwar Shifa, shekara ashirin da wani abu. Kawu Audu kuma dakon kayan miya yake yi a kasuwar Utaiƙa.

Abin da ya tashe su shi ne, kafil ɗin Baba, ubangidan da yake wa tuƙi, ya ce ba zai sabunta masa iƙama, takardar zama, ba, ya tsufa, bayan Sallah sai gida gaba ɗaya. Baba kuma ya ce ba zai sauka Gusau a matsayin tsohon direba ba. Yana da sababbin waƙoƙi da ya tsara duk shekarun nan. So yake jama'a su ɗauka a waya, bidiyo ya riga shi isa gida, a san mawaƙi ne zai dawo. Wani Dokta, da ya ce kaset ɗinsu ne ya raka shi karatu, ya ba su fili a taron Sallah na 'yan Najeriya. Shi ya yi hayar kayanmu.

Kafin ranar na je ɗakin Baba mu gwada. Irin ɗakin direba, a jikin katanga bakin ƙofa, tagar madam, matar maigidan, a samansa. Ya rufe ƙofa, ya cusa tawul a ƙarƙashinta, ya ɗaura safa a wuyan jita don kada ta yi ƙara. Sannan ya fara. Wallahi sai da na kai kunne kusa da bakinsa. Waƙa ce a kan mutumin da kullum yake kai 'ya'yan wani makaranta, nasa kuwa a hoto suka girma. Ni da ko a gidan rasuwa ba na kuka, sai ga ni ina duba silin.

Na ce, "Baba, ranar dai za a saki murya ko?"

Ya ce, "Kai dai kawo kayanka, ɗana. Ajiye ta nake yi."

Ranar taro, bayan la'asar, istiraha ta cika. Direbobi, leburori, ma'aikatan asibiti, ga yaran da aka haifa nan suna ta surutu da Larabci. Dokta ya gabatar da su kamar zai yi kuka. Na sa kiɗan na'ura a madadin kalangu, Kawu Audu ya saki gurmi, kuma gaskiya hannunsa na nan. Baba ya matso makirfo ya buɗe baki.

Muryar ɗakin nan ce ta fito. Na ɗaga masa hannu: sama, Baba, sama! Ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi, da gaske yake turawa, amma abin ya ƙi wuce haƙoransa. Na ƙara masa, na rage gurmi. Na sake ƙarawa. Kun san abin da ke faruwa in ka matsa wa makirfo. Lasifika ta yi tsiiii, har wata jaririya ta tsala ihu, yara suka fashe da dariya. Abin da ya fi ƙona ni, da ƙarar ta tashi, Baba ƙofa ya waiwaya ya kalla, kamar madam ce za ta leƙo. Waɗanda suka ɗaga waya suka fara saukewa ɗaya bayan ɗaya.

Dokta ya zagayo bayan miksa yana gumi. "Nafi'u, a rufa masa asiri. Ga tsohuwar waƙarsu a wayata, sa ta."

Na ce, "Dokta, a ba shi baiti ɗaya mana. In aka yi shiru za a ji, na rantse maka waƙar nan..."

"Sa ta kawai."

Na sa. Me zan yi? Murya ta fito kamar an ɓalle ƙofa, wani saurayi ɗan Gusau yana neman tsaga mini lasifika, ni kuwa ban taɓa komai ba. Wuri ya kaure. Dattawa suka miƙe, wayoyi suka koma sama, wani injiniya har hularsa ta faɗi. Baba Sale na zaune a tsakiya da jita a cinya, ana rawa ana kewaye shi, wasu na dafa kafaɗarsa suna ɗaukar hoto. Shi kuwa wayar makirfo yake naɗewa a hannu, tsaf, don kada wani ya yi tuntuɓe.

A hanyar komawa ni na ɗauke su a motar kaya. Tun kafin mu fita layi Kawu Audu ya hau ni. "Kayanku ne na banza! Da lasifikar mai tallan magani muke cika fili a da."

Na ce, "Kawu, miksa fa ba ta haihuwa. Abin da aka ba ta shi take ƙarawa."

"Kai ka kashe mu, mara kunya! Da wa ka yi shawara ka sa tsohuwar waƙa?"

"Mai haya ya ce. Kuma ai an yi rawa! Baba, faɗa masa mana, ka ga irin rawar da aka yi maka?"

Baba bai juyo ba. Idonsa na kan madubin gefe, kamar shi ke tuƙi.

Ya ce, "Ba ni aka yi wa ba. Wancan yaron aka yi wa. Ni direbansa ne, na kawo shi na zauna jira."