Injin Ban Ruwan Baba Sale

Ni ɗan Ikara ne. Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da ta sha a kaina ta isa. Kafin abin da zan ba ku labari ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Zaman banza kawai na iya. Na bar sakandare a aji biyar, na koma bakin tasha tare da abokai, muna shan maganin tari muna yi wa masu wucewa dariya.

Wata shekara aka buɗe wurin koyon sana'a a garinmu saboda matasa irina. Akwai ɗinki, akwai walda, akwai gyaran injin ban ruwa. Kyauta ne, har da abincin rana. Inna ce ta yi ta zarya gidan mai unguwa har aka sa sunana. Ranar farko ta wanke mini riga, ta ce, "Ban roƙe ka komai ba. Ka dai zauna har a gama."

Aka sa ni ajin gyaran inji, wurin Malam Garba, wani tsohon makanike mai haƙuri. Hannuna ya faɗa da wuri. Cikin wata biyu ina kwance inji in mayar da shi ya tashi. Malam har yakan ce wa sauran, "Ku dubi yadda ɗan'uwanku yake yi."

Abin ya fara da fulogi ɗaya. Na sa shi a aljihu, ba wanda ya lura. Bayan mako na ɗauki kabureta. Ina kai su kasuwar Makarfi wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan inji. Rannan ya dube ni ya ce, "Kai da kake da hannu, me ya sa kake wahala da ƙananan kaya? Kawo sukutum." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Lokacin noman rani Malam yakan kai mu fadama mu yi wa manoma gyara a gonakinsu. Haka muka je Kurmin Kogi wurin wani dattijo, Baba Sale, wanda injinsa ya tsaya alhali tumatirinsa na fure. Muka gyara. Ya dama mana fura da kansa, yana ta cewa, "Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana." Ina shan furar ina kallon inda yake ɓoye injin a cikin ciyawa.

Ranar Juma'a na ari babur na koma. Na san kowa ya tafi masallaci. Ina jin huɗuba daga lasifika ina kwance injin ina zubawa a buhu. Wannan ne abin da har yau ba na iya tunawa in ɗaga kai.

Ba a yi kwana goma ba asirina ya tonu. Malam Garba ya raka Baba Sale cigiya kasuwar Makarfi, ya gane waldar da ya yi wa ƙafar injin da hannunsa. Mai shagon ya faɗi sunana. 'Yan sanda suka zo har aji, da rana tsaka, suka sa mini ankwa a gaban kowa. Malam ya ajiye sufanar da ke hannunsa ya juya baya.

A kotu na ji cewa tumatirin ya riga ya ƙone. Baba Sale bai zage ni ba. Ya ce, "Yaro, da ka ce kana cikin matsuwa, ai da na san abin da zan yi maka." Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Ina gidan yari a Zariya Inna ta kawo mini garin kwaki da labari. Manoma sun daina kai inji wurin koyon, suna cewa makarantar ɓarayi ce. Iyaye sun janye 'ya'yansu. Masu ɗaukar nauyin wurin suka rufe ajinmu. Ta ce, "Ni ko biki na daina zuwa." Ba ta yi kuka ba. Ni ne na yi.

Da na fito na fara zuwa Kurmin Kogi na durƙusa. Baba Sale ya ce ya yafe tun tuni. Malam Garba ma, da na same shi a 'yar rumfarsa, ya yafe, amma ya ce, "Ba ni kaɗai ka yi wa ba." Na gane nufinsa ranar da na ga Nura, wanda muke benci ɗaya da shi a aji, yana dakon buhuna a kasuwa. Na miƙa masa hannu. Ya karɓa da kyar, ya ce, "Saura wata biyu fa a yaye mu a ba mu kayan aiki aka rufe ajin."

Yanzu ina aikin ɗibar rake a wani wurin yin mazarƙwaila a Kudan. Na tuba, ina salla a kan lokaci, na bar shaye-shaye. Wani lokaci injin matsa rake yakan tsaya, kuma na san abin da ke damunsa. Na taɓa cewa a bari in duba. Maigidan ya ce, "A'a, bar shi, za a kira mai gyara." Ban ga laifinsa ba.

'Yan'uwana matasa, in aka buɗe wurin koyon sana'a a garinku, ku shiga, ku zauna har ƙarshe. Kada ku taɓa ɗaukar abin da ba naku ba, ko ƙusa ce. Ku nisanci duk wanda yake sayen kaya ba ya tambayar inda suka fito. Ku kuma sani kujerar da aka ba ku ba taku ba ce ku kaɗai, akwai waɗanda suke jira a bayanku. Ni ɗaurina shekara biyu ne, na gama. Nura har yau yana dako.