Na Gudu Da Mahaifiyata Daga Guguwar Da Ba Ta Zo Ba

A lokacin da abin nan ya faru, ni matar aure ce mai ji da kanta, irin wadda ba a gama hira da ita sai ta ce ai mu can waje ba haka muke yi ba. Mun zauna a tsakiyar Amurka inda maigidana ya yi karatu, daga nan ya sami aiki da wani kamfanin gine-gine a Makka, muka kama haya a saman bene a unguwar Rusaifa. Na rubuto muku ne saboda na gaji da riƙe maganar ni kaɗai, kuma ina roƙo a sakaya sunana.

Yankin da muka zauna a Amurka shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba dutse ba tudu, kuma duk shekara da sanyi ya wuce sai mahaukaciyar guguwa ta fara sauka. Tana saukowa ne daga cikin hadari, baƙa ƙirin, tana murɗawa tana ruri. Da an busa jiniya kowa ya san abin yi, a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa a rufe ƙofa. Wata rana muka fito daga ramin muka tarar layin da ke bayanmu babu shi, sai katakai da katifu a kan bishiyoyi. Tun daga ranar, ko labule iska ta kaɗa da ƙarfi sai in fara neman wurin ɓuya.

Da muka dawo Makka maigidana ya sha zaunar da ni yana min bayani. Ya ce ba kowace ƙasa Allah ya ɗora wa wannan masifa daidai ba. Can iska mai ɗumi da laima ce take haɗuwa da mai sanyi a fili fetal, shi ya sa guguwar take yawa kuma take ƙarfi. A nan ba kasafai ake ganinta ba, in ma ta zo ba ta kai waccan ba. Ya ce abin da mutanen Makka ke tsoro shi ne sail, wato ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu, domin dutse ba ya shan ruwa. Na ji shi da kunne kawai. A raina na ce shi da yake makaranta ranar da layin nan ya tashi, me ya sani?

Ana nan sai muka kawo mahaifiyata Umara. Tsohuwa ce mai jiki, gwiwoyinta sun gaji, a keken marasa lafiya muke tura ta. Ta yi Umararta lafiya, kullum bakinta har kunne. Wata rana bayan la'asar, maigida yana Jidda wajen aiki, gari ya yi duhu farat ɗaya. Iska ta taso, kwanukan rufi suka fara ƙara, na leƙa taga na hango ƙura ta miƙe tsaye a bayan wani dutse tana juyawa. Har jiniyar da babu ita na rinƙa ji a kunnena.

Na ce wa Umma mu sauka badrum, wato ƙarƙashin ginin inda ake ajiye motoci. Ta yi dariya, ta ce ita guguwar da ta sani a gida ba ta wuce ta kwashe shanya ta yaye zana ba, a yi a'uziyya ta wuce. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba, na ce ba ta san abin da take faɗa ba, wannan gida take ɗagawa da mutanen ciki. Ta dube ni, ta ga yadda na firgita, sai ta gyara mayafinta.

"To 'yar nan, ke kika ga duniya. Mu je."

Na tura ta cikin lif muka sauka. Na kai ta can lungun ƙarshe, nesa da ƙofa, yadda aka koya mana. Ba mu daɗe ba ruwa ya kece, sannan wuta ta ɗauke. A cikin duhun nan na ji wani irin gurnani, na ɗauka guguwar ce ta iso, har ina gode wa Allah da muka sauko. Sai na ji sanyi a idon sawuna. Na haska waya, na ga ruwa jajawur yana kwararowa ta gangaren da motoci ke shigowa, ɗauke da duwatsu da shara. Lif ya mutu. Matakala tana can ɗaya gefen, kuma kafin in juya keken ruwa ya kai min gwiwa.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina tura keke ruwa yana turo shi baya, motoci suka fara motsi da kansu suna gogar juna. Umma ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi, tana cewa in sake ta in hau. Muna dab da matakala wani abu ya bugi keken ya kife, ta nutse gaba ɗaya. Na lalubo ta da hannu a cikin laka, na tallafo kanta a ƙirjina, na yi ta ihu har muryata ta dushe. Wasu maƙwabtanmu 'yan Nijar ne suka ji, suka sauko da fitila suka ɗauke ta. Da muka hau sama na tarar da ɗakinmu yadda muka bar shi, ko kofin shayinta bai faɗi ba. Ƙurar da na gani tuni ta baje.

Ruwan da ta shaƙa ya zauna mata a huhu. Ta yi jinya a asibiti, ba ta taɓa ɗago min maganar ba, kuma da maigidana ya tambaye ta me ya kai mu ƙasa sai ta ce ita ce ta so sauka. A nan Allah ya karɓi abarsa, aka yi mata salla a Harami.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ina jan kunnen 'yan'uwana da ke yawon ƙasashe: kowace ƙasa da irin masifarta, kuma dabarar da ta cece ka a wani gari ita za ta iya hallaka ka a wani. Idan ka sauka baƙon wuri ka tambayi mutanensa me suke tsoro, kuma ka yarda da amsarsu. A Makka idan hadari ya haɗu sama ake yi, ba ƙasa ba. Har yau 'yan'uwa daga gida in sun kira ni gaisuwa sai sun haɗa da barka, su ce Umma ta yi sa'a ta cika a ƙasa mai tsarki, Allah ya yi min albarka da na kai ta. Ni kuwa sai in ce amin, in kashe wayar, domin na san har inda na kai ta.