Baba Tallafi, Mai Sandunan Ƙofar But

Har yanzu da sassafe yake fitowa, kamar shagon na jiransa. Ya sa hula, ya jefa tef ɗin awo a aljihu, ya bi layin masu kayan gyaran mota a ƙasa yana amsa gaisuwa dama da hagu. Sai dai in ya iso ƙofar da ya yi shekaru yana buɗewa, ba ya tsayawa. Wani ne ke sayar da cajar waya a ciki yanzu. Yakan tsallaka titi ya zauna a bencin mai walda, inda yake hango ƙusoshin da ya kafa a bangon shagon, babu komai rataye a jikinsu.

Baba Tallafi ake ce masa, kuma sana'a ce ta ba shi sunan. Kaya iri ɗaya ya riƙe tun yana da baƙin gashi: sandunan nan biyu masu iskar gas a ciki, da ke ɗaga ƙofar but ta bayan mota su riƙe ta a sama, waɗanda makanikai ke kira shok ɗin but. Abu ne da babu mai tunawa da shi sai ranar da ƙofa ta sauko masa a ƙeya. 'Yan layi sun sha tsokanarsa, wai kowa na sayar da inji da giya, shi ya ƙare a sanda kamar makiyayi. Yakan ce, "Injinku ya kai mutum gida. Ni kuma in sa ya sauke kayansa kansa bai fashe ba."

Ba ya sayar wa wanda ya zo da sunan mota kawai a baki. Ko ka kawo tsohuwar sandar, ko ka kawo motar. Zai auna tsawonta a miƙe daga kai zuwa kai, ya goge maiƙo da babban yatsa ya karanta lambar ƙarfin da ke jikinta, ya duba bakinta ko na ƙwallo ne ko na huda. Kuma biyu yake bayarwa. In ka ce ɗaya ce ta mutu, sai ya ce sabuwa kusa da tsohuwa aikin biyu za ta yi, ta gaji da wuri, ƙofa ta karkace.

Mai walda ne ya ba da labarin Malama, don a gabansa aka yi. Tsohuwar malamar makaranta ce, gajera, mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ita ke tuƙa shi asibiti, ita ke naɗe keken guragu ta cusa a but. Sandunan sun mutu, sai ta riƙa tokare ƙofar da sandar tsintsiya. Ranar da sandar ta zame, ƙofar ta sauka a kafaɗarta, ta yi kwanaki ba ta iya ɗaga hannu, maigidan kuma ya rasa ganin likita.

Ta shigo shagon tana cewa, "Baba, ka ba ni mafi ƙarfi da kake da su. Ba na son ta sake faɗowa."

Bai je wajen kaya ba. Ya fita ya ɗaga ƙofar da hannunsa har ƙarshe, ya ce, "Hajiya, miƙa hannu ki kamo ta." Ta yi ɗage, da ƙyar yatsunta suka taɓa.

"In na ba ki mafi ƙarfi, za ta tashi kamar an harba ta. Amma wa zai rufe miki a bakin asibiti?"

Ta ce, "Babu kowa. Yaran duk sun yi nisa."

Ya zaɓo mata daidai ƙarfin da aka ƙera wa ƙofar, ya sa su, ya kuma ɗaura wani ɗan madauri a cikin ƙofar da za ta riƙa jawowa. Ya sa ta buɗe ta rufe har ya ga fuskarta ta saki. Maigidan na zaune a kujerar gaba yana kallo ta madubi. Ba ya iya magana sosai, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya daɗe bai sauke ba.

Kai ne, Baba, ka san cewa mota ba ita kaɗai ake aunawa ba, har da mai ita. Kai ne mai dogon haƙuri da ƙaramin kaya.

Rawar hannu ce ta raba shi da shagon. Kilif ɗin da ke riƙe bakin sanda ɗan siriri ne, sukudireba ta fara zame masa, har ya karce fentin motar wani. Mai motar bai yi faɗa ba, amma shi Baba ya kasa haɗiye abin. Ya raba sauran kayan ga 'yan layi, ya miƙa mukulli. Babban ɗansa da ke aiki a wani gari mai nisa ya gyara masa ɗaki, ya ce zai zo ya tafi da shi. Baba bai ƙi ba. Ya dai tambaye shi ko akwai gareji kusa da gidan.

Kwanan baya Malama ta dawo layin. Kujerar gaba babu kowa, keken ma babu shi a but. Ta leƙa shagon caja, ta fito tana waige-waige, mai walda ya yafito ta.

Bayan Baba ya yi mata ta'aziyyar maigidan, ta ce, "Sandunan sun fara saki, Baba. Yara sun ce in sayar da motar, ni kuwa ba zan iya ba. In na shiga har yanzu ƙanshin turarensa nake ji."

Ya tashi ya auna, ya faɗi lamba, aka karɓo masa a shagon maƙwabci. Ya ɗauki sukudireba, hannun ya ƙi tsayawa. Ya tsaya yana kallonsa kamar hannun wani.

Malama ta ce, "Ba ni. Kai ka faɗa, ni in yi."

Mai walda ya tallafe ƙofar da kafaɗa. Baba ya nuna mata inda za ta sa bakin sukudireba ta ɗaga kilif kaɗan, kada ta cire shi gaba ɗaya, da yadda siririn ƙarfen sandar zai dubi ƙasa in an rufe ƙofar. Ta danna, bakin sandar ya shiga da ƙara ƙas. Suka yi ta biyun. Da mai walda ya janye kafaɗa, ƙofar ta tsaya cak. Baba ya juya ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin walda ne.

Ɗan nasa na hanya, kuma layin ya fara kewar Baba tun bai tafi ba. Mun gode, Baba Tallafi. Allah ya ba hannun nan sauƙi, ya sa ka samu masu hira a inda za ka. Mai sayar da kaya ƙanana da ke karanta wannan, ya riƙa fitowa daga bayan kanta ya dubi wanda zai yi amfani da su. Wanda kuma ya taɓa tsayawa a ƙarƙashin ƙofar da Baba ya ɗaga, ya biya ta layin a makon nan ya gaishe shi, tun yana nan.