Ƙofar da Iya Ta Buɗe a Kumbo

Da asuba Iya kan riga kowa zuwa shagon, da bokitinta da tsumma. Ni direba ne, nakan same ta duƙe a kan tebur idan na zo ɗaukar kaya.

Shagon na masu wasan tebur ne. Akwai shimfiɗun roba masu layi gida-gida. A kansu ake zana kumbon sama jannati ko wata duniya da alƙalamin maka, a jera 'yan mutum-mutumi, a yi ta jefa ɗan lido ana ƙirƙirar labari. In an tashi, Iya ta goge, gobe wasu su zana nasu. Ta tsufa a wannan aiki, ba ta taɓa tambayar yadda ake wasan ba.

"Gardawa da gemu suna yaƙi da dodanni," in ji ta. "Allah ya shirya."

Akwai wani wanzami da ake kira Kyaftin, shi ke ja wa abokansa labari. Ya zana musu kumbo, ya kulle su a ɗakin inji, dodanni a waje, ya ce sai wani mako. Kafin makon, ɓarin jikinsa ya shanye. Abokan suka roƙa kada a goge sai ya dawo.

Mai shago ya ƙi. Tawadar maka in ta daɗe kama robar take yi, ba ta fita.

"Iya, ki goge. In ta lalace, ki ajiye mini makullina."

"Na ji, ɗan nan."

Gogewa kam ta yi. Kullum da asuba sai ta goge layi ɗaya ta sake zana shi, ta matsa na gaba, har ta zagaye kumbon. Tawadar ba ta kwana biyu, zanen kuma yana nan. Idonta ba ya gani sosai, bayanta na ciwo, shara na jiranta.

Na ce, "Iya, ɗanki ne?"

"Riƙe mini nan. Surutu ba ya zane."

Na riƙe. Ni ma a gajiye nake.

Da Kyaftin ya dawo, ƙaninsa ne ya turo shi a keken marasa lafiya, hannun dama a cinya kamar ba nasa ba. Ya daɗe yana kallon shimfiɗar. Bango ya karkace, ɗakuna sun ƙanƙance. A bayan ɗakin inji kuma ga giɓi, inda wata rana Iya ta goge ta manta ba ta mayar ba.

"Wa ya buɗe mini ƙofa a nan?" Maganar da ƙyar take fita.

Iya ta leƙa. "Ɗaki ba ƙofar baya? Wane magini ne kai?"

Abokan suka kwashe da dariya. "Kyaftin, abin da ke kan tebur shi ne doka. Kai ka faɗa!"

Ya yi dariya da rabin baki, ya ɗauki ɗan lido da hagu. Ta wannan giɓin suka tsere, labarin ya ƙare.

Mai shago ya dangwala yatsa da yawu ya murza gefen zanen. Ya fita tas.

Washegari na same ta a kan teburin. Ta matse tsumma, ta share kumbon gaba ɗaya, ta rataye robar ta bushe. Ta dafa ƙugu, ta ja bokitinta zuwa tebur na gaba.